Tsohuwar kalkuletar tebur: me ke cikinta, kuma ko za ta sake tashi?

"Assalamu alaikum Malam. Muna gyaran ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a gidanmu da ke Tudun Wada a Zariya, sai muka tarar da wata kalkuleta a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin zane. Girmanta ya kai na tafireta, tana da nauyi sosai, tana da wayar sakawa a soket, kuma a gabanta akwai wasu ƙananan kwalabe goma sha biyu a jere, kowace da siraran wayoyi a ciki masu siffar lambobi. Mahaifiyarmu ta ce da ita yake aiki lokacin da yake akawu, kuma lambobinta ja suke haskawa kamar garwashi. Me ke cikinta har ta yi wannan nauyi, alhali aikinta wayar hannu ma tana yi? In na jona ta da wuta za ta tashi, ko sai an kai ta gyara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Tambayarka biyu ce, ta abin da ke ciki da ta jonawa, kuma zan fara da ba ka amsar ta biyun a gajarce domin ita ce mai gaggawa: kada ka jona ta tukuna. Na'urar da ta yi shekaru arba'in ko fiye tana kwance, sau da yawa lafiyarta ƙalau har zuwa ranar da wani ya saka ta a soket don ya gani, kuma a cikin daƙiƙa biyu ake ƙona abin da ba za a sake samun irinsa a kasuwa ba. Dalilin haka ba zai fito maka sarai ba sai ka san yadda aka gina ta, saboda haka bari mu bi ta daki-daki.

Zamanin da ta fito

Kafin shekarun 1960, injinan lissafi na ofis kusan duk na ƙarfe ne, masu haƙora da ƙafafun da ke juyawa, wasu da hannun murɗawa, wasu da ƙaramar mota. Kalkuletar tebur ta farko da ta yi lissafi da lantarki zalla ita ce ANITA, wadda kamfanin Bell Punch na Ingila ya fitar a 1961, kuma da bawul take aiki, irin kwalaben da ke cikin tsohon rediyo. A 1964 masu taransisto, ɗan ƙaramin kayan lantarkin da ya maye gurbin bawul, suka shigo kasuwa: Friden EC-130 daga Amurka, IME 84 daga Italiya, da Sharp CS-10A daga Japan. Ita wannan ta Sharp nauyinta kilo 25 ne, tana ɗauke da taransisto sama da 500 da dayod sama da 2,000, an kuma sayar da ita yen 535,000, kuɗin da ya kusa na mota a lokacin. Shekara biyar kacal bayan haka, a 1969, kamfanin ya fitar da QT-8D wadda aka tattara dukkan lissafinta cikin aisi huɗu (aisi shi ne IC, ɗan guntun da aka cusa taransisto masu yawa a cikinsa) da kamfanin Rockwell na Amurka ya ƙera, har mutum yana iya ɗaga ta da hannu ɗaya. A 1971 kuma kamfanin Intel ya fitar da wani aisi mai suna 4004, wanda asalinsa an tsara shi ne domin kalkuletar kamfanin Busicom na Japan, kuma daga zuriyarsa ne ƙwaƙwalwar kwamfutocin yau ta fito.

Kwalaben da ka bayyana su ake kira Nixie, sunan da kamfanin Burroughs na Amurka ya ba su. Kalkuletoci masu irinsu sun yi tashe daga farkon shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970, kafin korayen lambobi su maye gurbinsu. Da haka, da kuma girman da ka faɗa, ina kyautata zaton taka ta fito ne tsakanin 1967 da 1972. Akwai hanyar tabbatarwa idan an buɗe ta: a kan yawancin aisi akwai lambobi huɗu na kwanan ƙira, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. In ka ga 7036, an yi shi ne a mako na 36 na shekarar 1970, ita kuma na'urar an haɗa ta ne watanni kaɗan bayan mafi sabunta a cikinsu.

Inda nauyin yake

Idan ka kwance notocin ƙasa ka ɗaga murfin, abu na farko da zai ja idonka shi ne taransfoma, dunƙulen ƙarfe da jan waya a can baya, kuma shi kaɗai yana iya ɗaukar kaso mai tsoka na nauyin. Na'urar tana buƙatar wuta iri-iri a lokaci guda: ƙarama domin sashen lissafi, da babba mai kusan bolt 170 zuwa 200 domin kwalaben su kama. Duk daga wannan taransfoma ake samun su, a bi da su ta dayod don su zama wuta mai tafiya gefe guda, sannan a tace su da manyan kafasito, waɗanda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira kwandansa. Bayan taransfoma akwai firam na ƙarfe, da alluna masu ɗauke da kayan lantarki, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyar ko fiye a tsaye kamar littattafai a kanta, kowanne an cusa bakinsa cikin wani dogon rami mai haƙora.

Madannan ma ba a yi musu rowar ƙarfe ba. A yawancin na Japan na wancan zamani, kowane madanni yana da ɗan maganaɗisu a ƙasansa, kusa da shi kuma akwai siririn bututun gilashi mai harsunan ƙarfe biyu a rufe ciki. Da ka danna, maganaɗisun ya matso, harsunan sai su haɗu. Ƙura ba ta shiga wurin, danshi ba ya shiga, shi ya sa bayan shekara hamsin za ka same su suna aiki kamar jiya aka yi su. An gina su ne domin akawun da zai wuni yana dannawa, shekara da shekaru, kuma ina ganin a nan masu ƙirar sun cancanci yabo ƙwarai.

Yadda take lissafi

Abin da ya fi burge ni a waɗannan na'urori shi ne tattali. A wancan lokaci kowane taransisto kuɗi ne, saboda haka injiniyoyin suka zauna suna neman hanyar yin aiki mai yawa da kaya kaɗan, kuma hanyar da suka samu ita ce a riƙa yin abu ɗaya bayan ɗaya amma da saurin da ido ba zai gane ba. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin na'urar.

Lantarki hali biyu ya sani, kunne da kashe. Domin a riƙe lamba guda daga 0 zuwa 9, ana amfani da wurare huɗu masu darajar 8 da 4 da 2 da 1. Bakwai ita ce a kunna 4 da 2 da 1, tara ita ce a kunna 8 da 1. Wurare huɗu suna iya nuna yanayi 16, amma 10 kawai ake so, don haka duk lokacin da jimlar lambobi biyu ta haura tara, na'urar tana ƙara 6 domin ta tsallake shidan da ba a amfani da su, sannan ta riƙe ɗaya zuwa gida na gaba, daidai yadda aka koya mana a firamare. Ka lura, ba a yi wa kowane gida cikin goma sha biyun nasa mai tarawa ba. Mai tarawa ɗaya ne tak, lambobin ne suke bin layi suna wucewa ta gabansa daga gidan ɗaya-ɗaya zuwa na goma-goma zuwa na ɗari-ɗari, kamar masu awo a gaban sikeli ɗaya.

Ninkawa kuwa tarawa ce da ake maimaitawa tare da matsawa. Idan ka ba ta 347 sau 25, za ta tara 347 sau biyar ta sami 1,735, sai ta matsar da 347 gida ɗaya ta koma 3,470, ta tara wannan sau biyu, jimla ta zama 8,675. Tarawa bakwai ke nan maimakon ashirin da biyar. Rabawa ita ce juyin wannan: daga 8,675 ta ɗebe 2,500 sau uku ya rage 1,175, ta ɗebe 250 sau huɗu ya rage 175, ta ɗebe 25 sau bakwai ya ƙare, ta ƙirga sau nawa ta ɗebe a kowane mataki, ga 347 ta dawo. Shi ya sa a tsofaffin na'urorin, in ka ba su dogon rabawa mai tara-tara da yawa, za ka ga lambobin suna walƙiya suna juyawa na ɗan lokaci kafin amsa ta tsaya. Aikin ne kake gani da idonka yana gudana. Wasu ma in ka ce su raba da sifili, sai su yi ta ɗebe babu daga lambar ba tsayawa har sai ka danna madannin sharewa.

Sai batun inda lambobin ke zama kafin a yi aiki da su. Lambobi 12 sau wurare 4 ya ba da 48, kuma ana buƙatar irin wannan ma'ajiya aƙalla uku, wato 144, kowanne kuma taransisto biyu yake ci in za a yi shi kai tsaye. Wannan tsada ce ta sa aka nemi dabara. Wasu kamfanoni sun yi amfani da ƙananan zobban maganaɗisu da aka saƙa da waya kamar tsakiya. Wasu, irin su Friden da Olivetti a na'urarsu Programma 101 ta 1965, sun yi amfani da doguwar waya da aka naɗe cikin akwati: a murɗa bakinta kaɗan da sauri, murɗawar ta bi wayar kamar sauti har ta fito ɗaya bakin, a karɓe ta, a ƙarfafa ta, a sake mayar da ita farko. Lambar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, kewayawa take yi, kamar almajirin da ke maimaita hadda don kada ta kuɓuce masa, kuma da an ɗauke wuta ta tafi. Na baya-bayan nan sun yi wannan kewayawar a cikin aisi, amma tunanin bai sauya ba.

Kwalaben garwashi

Mahaifiyarku ta faɗi daidai da ta ce kamar garwashi. A cikin kowace kwalba akwai iskar niyon, da lambobi goma da aka yanka daga siririn ƙarfe aka jera su ɗaya a bayan ɗaya, da raga ta ƙarfe da ta kewaye su. Idan aka sa wuta mai kusan bolt 170 tsakanin ragar da ɗaya daga cikin lambobin, iskar da ke manne da wannan lambar sai ta yi haske ruwan lemo. Ba zafi ne ke sa hasken ba kamar a ƙwan fitila, shi ya sa kwalbar ba ta ƙuna a hannu. In ka dube su ta gefe suna aiki, za ka ga wata lamba tana gaba, wata tana can ciki, suna shiga suna fita.

A nan ma an yi tattali. Kwalabe 12 masu lambobi 10 kowace, da wayoyi 120 ake buƙata in kowace za ta sami nata. A mafi yawan na'urorin sai aka haɗa dukkan lambobin 1 a waya ɗaya, dukkan 2 a waya ɗaya, haka har goma, sannan kowace kwalba aka ba ragarta waya ɗaya, jimla 22. A kowane ɗan lokaci kwalba ɗaya ce kawai ke kunne, ana zagayawa da sauri ta yadda ido zai ga duk suna haske tare, kamar yadda yaro ke juya bakin wuta da dare ka ga da'ira cikakkiya. Wannan sanin yana da amfani wajen gyara: in lamba 4 ta ƙi fitowa a dukkan kwalabe, laifin na taransisto ɗaya ne da ke tuƙa wayar 4, in kuwa kwalba ɗaya ce ta mutu gaba ɗaya, sai a nemi laifin a hanyar ragarta.

Abin da zama ke lalatawa

Na daɗe ina gyaran kayan lantarki a Sabon Gari, kuma irin waɗannan na'urori da suka biyo ta hannuna, mafi yawansu ciwonsu a sashen wuta yake. Manyan kafasito suna da ruwan sinadari a ciki wanda yake bushewa da shekaru, kuma zafin bazara na Zariya yana gaggauta hakan. In sun bushe, ko dai su daina tace wutar, ko su zama kamar waya ta haɗe kai tsaye. Akwai kuma taransiston da ke daidaita ƙaramar wutar. Idan ya mutu a haɗe, cikakkiyar wuta ce za ta afka wa aisi. Waɗannan aisi na farkon zamani an ƙera su ne musamman domin samfurin na'ura ɗaya, an daina yin su tun tuni, kuma ko taɓa ƙafafunsu da hannu a lokacin hunturu, sa'ad da jiki ke tara tartsatsi, yana iya kashe su.

Haɗari na biyu shi ne ƙarfin wutar. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Wadda aka shigo da ita ta hannun dillalan kayan ofis akasari an saita ta daidai da tamu, amma wadda wani ya yo tsarabarta daga waje ba lallai ba ne. Ka duba ɗan farantin da ke manne a baya ko a ƙasa, da kuma wani ɗan abin juyawa mai lambobi irin su 110 da 220 da 240. An taɓa kawo mini wata da aka fito da ita daga sito, mai ita ya ce ya jona ta sai ta yi ƙara ta yi hayaƙi. Tun kafin in buɗe na ji warin ƙonannen fenti na taransfoma, da na juya ta sai ga 100 a rubuce a farantin. Taransfoma ana iya sake naɗa shi, akwai masu wannan aikin a garin nan, amma wutar ta riga ta wuce ciki, kuma ban iya tayar da ita ba. Har yau abin yana damuna, domin kwalabenta duka lafiya suke.

Wata kuma labarinta ya yi daɗi. Da na ɗaga murfinta na tarar zanzaro ya yi gini a kusurwar taransfoma, ƙurar hunturu ta kwanta a kan alluna kamar an barbaɗa gari, ga kashin kyankyaso a tsakanin madannai. Na share ta da busasshen buroshi mai laushi, na zare alluna ɗaya bayan ɗaya bayan na sa wa kowanne alama, na goge haƙoran bakinsu da sifirit har suka yi ƙyalli, na sauya kafasito uku da fis. Da magariba na kunna ta, shagon ya ɗan yi duhu, sai sifili goma sha biyu suka bayyana a jere, ja-ja, suna ɗan rawa kafin su tsaya. Dattijon da ya kawo ta ya daɗe yana kallonta bai ce komai ba, sannan ya miƙa hannu ya buga wani lissafi ba tare da ya dubi madannan ba.

Matakin da nake ba ka shawara

Ka kai ta wurin wanda ya saba da tsohon rediyo ko talabijin mai kwalba, domin shi ya san babbar wuta kuma yana da haƙurin bin waya da mita. Ka roƙe shi ya fara da auna taransfoma da fis da wayar jonawa ba tare da wuta ba, ya duba kafasito ko akwai wanda ya kumbura ko ya zubar da farin gari. In zai yiwu ya raba sashen wuta da allunan lissafi, ya gwada shi shi kaɗai har ya gamsu da abin da yake fitarwa. Kunnawar farko a yi ta ta hanyar ƙwan fitila mai zare na wat 40 ko 60 da aka jera a kan wayar: in ƙwan ya yi haske ya dushe, alama ce mai kyau, in ya tsaya da haske sosai akwai inda wuta ta haɗe, kuma ƙwan ne ya shanye ta maimakon na'urar. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aikin. Kada a gwada ta da ƙaramin janareta. Kuma kai kanka kada ka sa hannu ciki ko bayan an cire fulogi, domin kafasiton babbar wuta yana iya riƙe ta na wani lokaci.

Idan ta tashi, kada ka yi saurin cewa lissafinta ya lalace. Da yawansu suna da madanni mai alamar tarawa da daidai a haɗe, da wani ja mai alamar ɗebewa da daidai. Domin ɗebe 3 daga 8, sai ka danna 8, ka danna na tarawar, ka danna 3, sannan ka danna jan. Akwai kuma ɗan makunnin da ke zaɓar yawan lambobin bayan ɗigo, da wani mai alamar 5/4 da ke cike lambar ƙarshe ko ya yar da ita. Ba zan yi mamaki ba in ka tarar an bar na ɗigon a kan 2, domin tun ranar 1 ga Janairun 1973 da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, kwabo ɗari ke yin naira, lissafin kuɗi ya dace da na'urar daidai. Kafin nan, da kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam, sai akawu ya juya kuɗin zuwa tsarin ɗigo kafin ya danna.

Iyakar abin da zan iya yi maka alkawari ke nan daga nesa: in ciwon a sashen wuta ne, ko a haƙoran alluna, ko a taransisto da dayod na gama-gari, akwai kyakkyawan fatan za ta tashi da kuɗi kaɗan. In babban aisi ne ya mutu, ba ni da maganinsa sai an sami wata irinta an ciro, kuma a wannan hali ina roƙonka kada ka bari a farfasa ta ko a sayar wa masu gwangwan. Ka share ta, ka ajiye ta a wuri busasshe, nesa da danshin damina. Kafin ka kai ta ko'ina, ka ɗauki hoton farantin bayanta da na madannan, in an buɗe kuma ka ɗauki na alluna ta yadda rubutun kan aisi zai fito, ka turo mini, zan gaya maka samfurinta da irin wutar da ya kamata mai gyaran ya samu a kowace waya.